Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ni da ƙanena Nafi'u mita ɗaya muke sha
a gidanmu na Gwammaja, layin masu walda.
Ni ke sayen yunit.
Shi ya zo da baƙin akwati daga titin Bairut,
mai tagar gilashi, hanjinsa duk a waje.
Firizata na zaure tana gurnani,
leda ɗari da ashirin na jiran daskarewa,
gobe masu kunun aya za su zo da buhuna.

Ya ce, Yaya Uwani, kin ga ɗan ƙarfen nan
da bai kai akwatin ashana ba?
Masu ƙera shi sun sa masa linzami,
wai iyakar gudunsa ke nan. Ƙarya ne,
zafi suke tsoro.
In na ba shi sanyi sai in ƙara masa wuta,
in ya sha wuta zai tsere wa sunansa.
Na ce, wutar wa?
Ya sunkuya yana neman sukudireba.

Ran Asabar fanka uku ya ɗaura masa.
Ran Lahadi ƙanƙarata shida suka yi ƙafa,
na tarar da tiyo ya shiga ya fita
kamar majinyaci ana masa ƙarin ruwa.
Daren Talata adaidaita ta sauke shi da tulun ƙarfe,
aron abokinsa likitan dabbobi
mai ajiye irin bijimai a ciki.
Naitirojin, in ji shi. Kar ki taɓa.

Ya shafe allon da basilin, ya cusa auduga kowane lungu,
wai bayan zafi, raɓa ce kisa.
Ya tsiyaya a ƙoƙon tagulla.
Farin hayaƙi ya sauko daga tebur yana rarrafe,
a tsakiyar bazara, unguwa duk an baje a tsakar gida,
ni ga yatsun ƙafata suna neman safa.
Ya tsoma ganyen yakuwa, ya ɗago, ya ƙyasta,
ya tarwatse kamar tangaran.

Tun bayan isha'i yake lallashi.
Ya mutu, ya tashe shi. Ya mutu, ya tashe shi.
Lamba na hawa a allo:
biyar da ɗigo tara, shida, shida da ɗigo biyu.
Ni ina bakin ƙofa da tawa lambar,
jar fitilar mita na bugawa
kamar zuciyar tattabara a tafin hannu.
Uku. Biyu saura. Ɗaya da 'yan kai.
Tasa na hawa, tawa na sauka,
guga biyu a igiya ɗaya.

Shida da ɗigo bakwai.
Ya daina numfashi. Leɓensa ne ke ƙirga.
Daƙiƙa goma sha ɗaya abin ya tsaya da ƙafarsa,
sannan allo ya yi shuɗi,
mita ta yi ɗan kukanta na tsiya,
firiza ta haɗiye gurnaninta.

Cikin duhu na ji dariyarsa,
na tuna wani azumi, yana shekara takwas,
ya kwance agogon bangon Baba
yana tura allura da tsinken tsintsiya
don magariba ta yi sauri.
Ya sha bulala, bai sha ruwa da wuri ba.

Da safe ledojina ruwa ne, ko sanyin kirki babu.
Talatuwa mai kunun aya ta matsa ɗaya, ta kalle ni, ta wuce.
Shi kuwa ya miƙo waya, ido ja:
hoton allo, ya girgiza, bakwai ɗin kamar ɗaya.
Wallahi bakwai ne, Yaya.
Na ce na gani. Ina wurin.

Na ɗauko littafin bashi, na buɗe shafinsa.
Ƙanƙara shida ta Lahadi.
Ɗari da ashirin ta Talata.
Yunit, na zagaye sau biyu.
A ƙasa na rubuta: daƙiƙa goma sha ɗaya,
na riƙe biro ina duban gurbin kuɗi
har ya tafi mayar da tulu.